Shan Iskar Kaka Bube

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Kaka Bube ya san kalmarsa guda ce: bismillah. Ba irin bismillar da mutane ke yi a fatar baki suna jan kwano gabansu ba. Shi in ya ce maka bismillah, abin yana tafin hannunsa, hannun yana daidai hancinka, kuma ba zai janye ba sai ka taɓa. Goro ne, rogo ne, jiƙon maɗaci ne mai sa mutum ya manta sunan uwarsa, duk ɗaya. Bai iya sa abu a bakinsa wani yana kallo ba. Mutanen unguwarmu a Bodinga har yau suna ba da labarin ranar da ya je ɗakin shan magani a yi masa allura. Ya sassauta mazagi, ya jingina da bango, sai ya waiga ya ga mutumin da ke bin sa a layi. Ya nuna masa allurar ya ce, "Bismillah." Mutumin ya ce alhamdu lillahi, tasa na tafe.

Ni Ige ce, jikarsa, ɗiyar babban ɗansa. Tun ina rarrafe yake kira na uwargida, ni kuma in ce masa tsohon miji, kamar yadda jika da kaka suka saba. Har na yi aure a Shagari na haifi biyu bai daina gaya wa mutane cewa ni na gudu na bar shi saboda ya tsufa ba. Shekarar da sojoji suka karɓe mulki daga farar hula, damina ta yi gardama, gero ya tsaya iya gwiwa, maigidana ya tafi cin rani kudu. Sai na kwaso yarana na dawo gida Bodinga. Kaka ya dube ni a ƙofar ɗakinsa ya ce dama ya san zan dawo, yaron nan ba zai iya riƙe ni ba.

Kyautarsa ga mutane take. Ga kansa kuwa, ban taɓa ganin mai maƙo irinsa ba. Tsinken ashana guda yakan tsaga shi biyu da reza. In zai tafi kasuwa yakan rataya takalmansa a kafaɗa sai ya kusa shiga mutane ya sa, wai ƙafa tana tsirowa, takalmi ba ya tsirowa. Albasa ya noma duk rayuwarsa, kuma kafin motoci su yi yawa, da takarkarai yake kai ta kasuwanni. Shi ake kira daga ƙauyuka in za a huda hancin bijimi a zura masa igiya. Ya ce hannunsa ya huda hancin da ba zai iya tunawa ba.

Tari ya daɗe yana damunsa, amma a shekarar nan ya zama wani abu dabam. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Baffa Sidi, ƙanen babana, shi ke tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a wani asibiti a Sakkwato. Ya zo ya ɗauke shi kusan da ƙarfi. Suka yi mako uku. Ranar da suka dawo, aka sauko da Kaka, sannan ƙarti huɗu suka sauko da wasu tukwanen ƙarfe guda biyu, dogaye, kowace ta kusa kai kafaɗar mutum. A bakin guda an ɗaura wani siririn tiyo na roba mai ƙahonni biyu ƙanana da ake zurawa a hanci, a zagaya da shi bayan kunnuwa.

Likitan da ya duba shi baƙo ne daga ƙetare, Hausarsa ta cikin asibiti ce, wadda ya tsinta a bakin masu jinya. Baffa ya ce da za a sallame su likitan ya riƙe hannun Kaka ya ce, "Baba, kullum sha iska. Safe sha iska, rana sha iska, dare sha iska." Wannan "sha" ɗin, ita ce ta kusa raba mu da shi kafin lokacinsa.

Kaka ya zauna bakin gado yana kallon tukwanen. Ya ce shekara saba'in da wani abu Allah na ba shi iska kyauta bai taɓa yanke masa ba, sai yanzu da sabulu ya koma sai an bi layi, madara sai an bi layi, ita ma iska aka ga ya kamata a kulle ta a tukunya. Ya tambayi Baffa ko a nan ma ya bi layi. Baffa ya ce ya bi. Kaka ya ce to Allah shi kyauta, saura rana.

Washegari Jabbi ya zo. Jabbi taubashinsa ne, sun girma tare, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya magana mai daɗi ba. Ya shigo da sandarsa, ya tsaya, ya daɗe yana duban tiyon nan a hancin Kaka. Ya ce Allah mai sakayya ne, yau takarkarai sun samu wanda ya rama musu. Jabbi ya zauna, ya gyara riga, ya ce akwai kuma wata magana da ya yi shekara sittin yana faɗa ana ƙaryata shi.

"Yau dai gwamnati ta tabbatar. Ɗan iska, har da takarda."

Kaka ya ja numfashi ta tiyon, a hankali, ya ce, "Ni tawa likita yar rubuta ta. Kai taka gado kay yi."

Zaman mutum da roba a hanci safe da yamma ba wasa ba ne, kuma ni aikin ya faɗo wa. Kwana huɗu kacal, sai bayan kunnuwansa suka saɓule. Na ce a sayo auduga a naɗe wurin. Ya ce wace irin auduga, ga matashin kansa cike da ita. Muka farke gefe muka zaro, na naɗe tiyon, na ɗaure da zare. Ya yi kwana biyu ya ce gumi na jiƙa ta. Sai ya sa na kawo masa allura da zare da tsohuwar hularsa, ya zauna da kansa ya ɗinka mata 'yan hannuwa biyu, ɗaya kowane gefe, ya zura tiyon ta ciki. Shi ke nan, nauyin ya tashi daga kunne ya koma kan hula. Baffa da ya gani ya ce ko a asibiti bai ga wannan dabara ba. Matsalar guda ce: in ƙaiƙayi ya kama shi ya ɗaga hula zai sosa kai, numfashin ya bi hula. Amma shi abin alfahari ya mai da shi. Ya ce duk faɗin Bodinga hularsa kaɗai ce ba ta iya ɓacewa, don a ɗaure take.

Hancinsa ya riƙa bushewa har yana tsagewa. Ya ce a shafa masa man shanu. Baffa ya hana, ya ce likita ya yi kashedi, ba mai kowane iri kusa da tiyon, ba garwashi, ba fitilar ƙwai, ba taba, don iskar nan abokiyar wuta ce. Aka ɗaura wata 'yar kwalba mai ruwa a wuyan tukunyar, iskar na bi ta ciki tana ɓulɓul kafin ta iso gare shi. Ni ke wanke ta kullum da safe in zuba dafaffen ruwa. Kaka ya ce kukanta irin na kwaɗin fadama ne, shi ke sa shi barcin rana. Dokar wutar kuwa ta fi komai yi masa daɗi, saboda Jabbi mashayin taba ne. Da ya ji sallamarsa sai ya aika a caje masa aljihu a ƙofa.

Abin da bai iya jurewa ba shi ne zaman ɗaki. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana karɓar gaisuwa a zaure, ka ce ya kwanta yana ƙirga azara? Tukunyar kuwa ba ta ɗaukuwa. Baffa ya samo dogon tiyo aka haɗa, ya ratsa tsakar gida tun daga ɗakin Kaka har zaure. Ranar farko yara suka taka, akuya ta ɗanɗana, matar Baffa ta ɗora turmi a kai. Muna cikin aiki sai mu ji muryarsa daga zaure yana tambaya, ba da faɗa ba, wa ya taka masa numfashi. Da ya gaji, ya sa aka kwaso gwafannin rumfar albasarsa aka kakkafa a jere, aka ɗaga tiyon sama da kai.

Aka samu lafiya har ranar da wata baƙuwa ta zo mana daga Sifawa. Baiwar Allah ta yi wanki, ta duba, ta ga igiya sabuwa fes an ja ta daga wannan bango zuwa wancan, ta yaba wa matan gidan a zuciyarta, ta shanya jiƙaƙƙun zannuwa uku. Tiyon ya lanƙwashe. Muna ɗaki ba mu sani ba, sai ga Jabbi ya leƙo daga zaure da saƙo. Wai Kaka na gaida baƙuwa, yana mata barka da zuwa, kuma in zannuwanta sun bushe, don Allah ta ba shi aron numfashinsa.

To, ku da kuka san shi kun riga kun hango inda matsala za ta fito. Masu dubiya suka yi ta zuwa, daga Shagari, daga Dandin Mahe, daga ko'ina. Mutum ya yi sallama ya zauna, Kaka yana shan abu, baƙo yana kallo. Ina! Sai ya zare ƙahonnin daga hancinsa ya miƙa: bismillah. Mutane su ce alhamdu lillahi. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya mayar ba, sai ya ajiye a cinya har baƙon ya tashi. Kun kuwa san gaisuwarmu. Kafin a gama ina gida, ina iyali, ina gajiya, ina ƙarfin jiki, a sake komawa farko, leɓunan Kaka sun fara sauya launi.

Mutum ɗaya ne ya taɓa karɓa. Wani dattijon Bafillace ne, tsohon abokin cinikinsa na shanu, mai ladabi ƙwarai. Ya ga babban mutum ya miƙo masa abu, bai ga dalilin ƙi ba. Ya karɓa hannu biyu, ya sa a baki, ya zuƙa, ya lumshe ido, ya daɗe. Sannan ya goge da gefen rigarsa ya mayar, ya ce madalla, akwai sanyi, sai dai gishiri bai ji ba. Kaka ya yi mako guda yana yabonsa, wai a duk masu zuwa shi kaɗai aka yi wa tarbiyya.

Baffa ya yi faɗa har ya gaji. Ni na samo dabara, kuma na yi ta jin daɗin kaina a lokacin. Na roƙi Jabbi ya riƙa tare baƙi a waje yana koya musu abin da za su ce. Kowa ya shigo, kafin ya zauna, sai ya ce, "Baba, na sha tawa a hanya, na ƙoshi." Kaka ya karɓi wannan, don a wurinsa ba a tilasta wa ƙosasshe. Tiyo ya zauna a hanci, kowa ya huta. Ban san cewa da hannuna nake ƙara tabbatar masa iskar nan abin sha ce kamar kunu ba.

Azumin shekarar a tsakiyar zafi ya zo. Saura mako guda a ga wata, Kaka ya sanar da mu, kamar mai faɗin farashin albasa, cewa zai riƙa cire tiyo da an kira assalatu, ya mayar in rana ta faɗi. Muka yi dariya, shi bai yi ba. Baffa ya ce masa ai shi azumi ma bai hau kansa ba, mara lafiya ne, tsoho ne, a ciyar kawai. Kaka ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ko guda ba, har shekarar da kunama ta harbe shi sau biyu a yini ɗaya, kuma ba zai fara don roba ba. Baffa ya ce to ya yi azuminsa, an mayar da magungunansa asuba da magariba, amma tiyo ya zauna. Kaka ya ce wane irin azumi ne mutum yana sha tun safe har yamma.

Aka kira Malam Mode, limamin masallacin unguwa, mutum mai haƙuri da sanyin murya. Ya zo da littafi a hammata. Ni ina bayan ƙofar zaure ina tsince shinkafa, kunnena na wurinsu.

Kaka ya tambaye shi abin da ke karya azumi. Malam ya ce ci da sha, da sauransu. Kaka ya ce a tsaya nan, ba sai an je sauransu ba. Likita me ya ce? Malam ya yi murmushi ya ce ai "sha" a Hausa tana da yawa. Mai azumi yana shan rana, yana shan wahala, wani ma yana shan zagi, duk azuminsu na nan.

Kaka ya ce, "Wacce cikinsu anka zuba cikin tukunya anka ɗauko ga mota tun daga Sakkwato?"

Malam ya ce iska dai iska ce, kowa na shaƙar ta. Kaka ya ce ta kowa ba ta da murfi. Sannan ya tambaya ko tabar Jabbi tana karya azumi. Malam ya ce tana karyawa. Kaka ya ce to ita tuwo ce ko miya? Hayaƙi ne, ba a tauna shi, ba a haɗiye shi da ruwa, amma an ce an sha, kuma ya karya. Malam ya buɗe littafi ya yi bayani mai tsawo, mai kyau, na bambancin abin da mutum ya ƙirƙiro don jin daɗi da abin da rai ba ya tsayuwa sai da shi. Kaka ya saurara har ƙarshe cikin girmamawa. Da Malam ya rufe littafi, ya ce Allah shi ƙara sani, amma duk baƙon da ya shigo zauren nan yakan ce ya sha tasa ya ƙoshi, kuma shi bai taɓa jin an ƙoshi da abin da ba abinci ba. Shinkafar da ke hannuna ta kusa zubewa.

Ranar farko ta azumi Baffa yana wurin aiki a Sakkwato. Kaka ya yi sallar asuba, ya cire hular tiyo ya rataye ta a ƙusa, ya sa wata. Da hantsi yana zaune daram, har yana tsokanar yara. Na ce a raina wataƙila Allah zai rufa asiri. Da azahar ya yi salla a zaune, na ji yana yanka fatiha gunduwa-gunduwa, kowace aya sai ya huta. Na roƙe shi, ya ɗaga mini hannu. Na ce zan kira Malam, ya ce Malam ya riga ya faɗi nasa. Kafin la'asar magana ta ɗauke. Kansa ya langaɓe a kafaɗa, leɓunansa suka koma kamar wanda ya tauna baba na rini, ƙirjinsa na ɗagawa kamar na ɗan tsako. Ban tambayi kowa ba. Na fizgo hular daga ƙusa na kafa masa, na zura ƙahonnin, na buɗe tukunya yadda Baffa ya koya mini.

Ya ɗauki lokaci kafin ya buɗe ido. Ya kai hannu ya taɓa hancinsa, ya ji roba. Sai hawaye. Na ga Kaka ya binne 'ya'ya biyu, na ga rumbunsa ya ƙone, ban taɓa ganin ruwa a idonsa ba sai ranar.

Ya ce, "Ige, kin shayar da ni azumi."

Bai ce uwargida ba. Ya bar tiyon a hanci don ya ga abin ya riga ya lalace, amma ya ƙi ko kurɓar ruwa, ya kame bakinsa har yamma. Kuma ya gaya mini, a natse, cewa gobe zai sa sakata a ƙofarsa tun asuba, kowa ya yi harkarsa. Na san shi. Zai sa. Kuma na ga da idona cewa ba zai kai magariba ba.

Na koma madafa ina dama kunu ina share ido da gefen zane. Karatuna bai wuce 'yan surorin salla ba. In Malam da littafinsa bai iya ba, ni da ludayi me zan yi? Sai dai akwai abin da na ji wanda Malam bai ji ba. Lokacin da na sunkuya ina gyara masa hula, kunnena ya zo daidai cikinsa, kuma cikin nan yana ta ƙugi kamar hadarin gabas.

Da rana ta faɗi, Jabbi da Malam Mode suka zo shan ruwa a zaure kamar yadda suka saba kowace shekara. Na aika musu da kunun tsamiya, da ƙosai mai zafi, da fura. Na Kaka kuwa na ce ni zan kai da kaina. Na ɗauko akushinsa na katako, na rufe da faifai, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya yi addu'arsa, ya ɗaga faifan. A ciki na naɗe ɗan guntun tiyon da Baffa ya ajiye na canji, tsaf, kamar taliya.

Ya dubi akushi, ya dube ni. "Wanga hwa?"

Na ce abin shansa ne, na ƙaro masa ko bai ƙoshi ba. Tun la'asar yake sha ba ƙaƙƙautawa, ga shi har yanzu yana kan sha, ban ga dalilin ɓata masa kunu ba a wannan tsadar. Jabbi ya gane nan take. Ya ɗauki ƙosai mafi girma, ya tsoma a yaji, ya matso kusa da kunnen Kaka ya tauna. Ya ce da ya yi masa bismillah, amma ba a tilasta wa ƙosasshe.

Jabbi ya ci gaba da taunarsa. Kaka ya haɗe fuska, ya kafe idonsa a bango. Sai cikin ya yi magana. Ba ƙaramar magana ba, doguwa, mai hawa da sauka, har Malam ya ajiye ludayinsa.

Na ce, "Tsohon miji, wa ke sallama?"

Ya ƙara kawar da kai.

Na ce, "Ni dai ban yi karatu ba. Amma in an sha abu, ciki shi ka fara sani. Wanga bai ji labari ba."

Malam Mode ya sunkuyar da kai yana gyara rawani, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu murya ya ce shi ya kawo shaida daga littafi an ƙi, to ga shaida daga cikin gida, kuma a saninsa azumin Malam Bube na yau bai karye ba, lafiyarsa lau.

Kaka ya dubi akushin, ya dubi Malam. Sai gemunsa ya fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ta koma tari, na riƙe masa hula kada ta faɗi. Da ya lafa ya share ido. Kada ku zaci ya ce Ige ta yi gaskiya. Har ya koma ga Allah bai faɗa ba. Abin da ya ce shi ne, "Likitan ga bai iya Hausa ba." Sannan ya ture akushin da ƙafa ya ce uwargida ta daina wasa da yunwar mijinta ta kawo kunu.

Haka ya yi azumin nan har ƙarshe, hula a ka, tiyo a hanci, kwalba na ɓulɓul. Da Baffa ya zo aka ba shi labari, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Duk mai dubiyar da ya zo, Kaka sai ya yi masa bayani, kamar shi ya gano, cewa iskar nan shaƙa ake yi ba sha ba, mutanen asibiti ne ba su san bambanci ba.

Amma Kaka Kaka ne. Kwana biyu bayan salla na kai masa karin kumallo ya ce in mayar. Wai yana rama ranar farkon nan, ko da ni da Malam da cikinsa duk mun yi kuskure. Da ya rama, ya ce tunda baki ya riga ya saba, bari ya wuce da sitta shawwal. Ya yi guda huɗu. A rana ta biyar bai tashi da ƙarfi ba, ya yarda na ba shi ruwa da cokali. Da hantsi, a zaurensa, Jabbi na gefensa yana masa tsiya a hankali, ya cika. Jabbi ne ya rufe tukunyar da hannunsa, kuma daga ranar bai ƙara zama a zauren nan ba.

Ni yanzu na kusa shekarun da yake da su a lokacin. Kowace shekara in na gama shidana na bayan salla, nakan ƙara biyu. Malamai sun sha gaya mini ba dole ba ne, ba a bin sa komai. Nakan saurara har ƙarshe, in ce Allah shi ƙara sani, in tashi da niyyata.

Allah shi jiƙan Kaka Bube, shi karɓi azuminsa duka, har da na ranar da muka yi gardama a kai. Allah shi yalwata masa ƙirji a inda yake kwance, shi shigar da shi ta ƙofar masu azumi. Amin.